"Da tsohuwar zuma ake magani": har da tsohuwar Toyota?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Wata magana ce ta tashi a gidanmu har ta so ta taɓa zumunci, na ce bari in kawo ta gaban manya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Corolla irin ta shekarun 1990. Yaya Babba ya ce a sayar, a cika kuɗi a sayo sabuwa cikin masu allon nan a gaba, don kai Hajiya asibiti. Kawu ya ce a bar ta, da tsohuwar zuma ake magani. Yaya ya ce, "Kawu, zuma ce ke tsufa ta ƙara kyau, ƙarfe kam tsatsa yake yi." Kawu ya saka takalminsa ya tafi, ko tuwo bai tsaya ci ba. To ku gaya min, Kawu ya ajiye maganar a mazauninta, ko janyo ta ya yi da ƙarfi?

Usta Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kawunku ya fi yayanku sanin mota, ka ce ni na faɗa. Irin wannan Corollar in ka ɗaga bonet komai a fili yake, hannunka zai kai ko'ina. Fulogi, bel, famfon mai, lagireto, ba abin da za ka nema a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka rasa, sabo ko ɗan Beljiyam. Mai allon nan kuwa, bari ta tsaya maka tsakanin Potiskum da Damaturu, sai an ɗauko mai kwamfuta daga birni ya zo ya tambaye ta me ke damunta. Ranar da ka shiga uku, wa zai fitar da kai? Maganin da ake nufi ke nan.

Malam Na Zaure:
Usta, kai da ma duk abin da zai riƙa zuwa garejinka ai zuma ne. Ni a sanina maganar mutane ce. Ana faɗinta in an rasa mafita aka koma wa dattijon da aka yi watsi da shi, ko tsohon amini. Limaminmu ya taɓa kawo ta a huɗuba kan waɗanda suka kai rikicin fili kotu suka bar mai unguwa a zaune, kuɗi ya ƙare, suka dawo zaurensa. Zuma ba ta ruɓa, shi ya sa aka zaɓe ta. Abin da ke tsatsa bai shiga ba. Yayanku bai faɗi ƙarya ba, bakinsa ne ya yi kaifi a gaban kawu.

Bazazzagiya:
Allah ya gafarta Malam, ku maza kun san inda kuka fi amfani da ita. Ranar da za a kawo amarya ake tuna uwargida tsohuwar zuma ce. Tare da kayan faɗar kishiya ake haɗo ta.

Mai Shayin Kwana:
Mu a mazaɓarmu akwai tsohuwar zuma tun 1999. Duk zaɓe sai a ce da ita ake magani. Ciwo yana nan daram, zumar ce dai ke ƙara ƙiba, kuma duk zango sai ta canza Prado.

Injiniyan Gwale:
Tunda Toyota ake magana bari in sa baki, don tarihin kamfanin kansa yana bayan Yaya Babba. Gidan Toyoda, waɗanda suka kafa kamfanin, da farko injin saƙa suke ƙerawa. Uban, Sakichi Toyoda, ya yi suna da injin da ya kammala a 1924, har a 1929 wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000. Da ɗansa Kiichiro ya kafe a kan tsohuwar zuma, da yanzu ba ma zancensu a nan. A 1933 ya buɗe sashen mota a cikin masana'antar uban, a 1936 motarsu ta farko ta ɗaukar mutane ta fito, a 1937 kamfanin mota ya tsaya da ƙafarsa. Kuma bai sha da daɗi ba. A 1950 kuɗi ya ƙare, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami jama'a, shi kansa ya sauka daga shugabanci, ya rasu a 1952. Odar manyan motocin da sojan Amurka suka bayar lokacin yaƙin Koriya ce ta farfaɗo da su. Mutumin da ya bar sana'ar gado mai kawo kuɗi ya shiga wadda bai gada ba, shi za a kafa hujja da motarsa a ce kada a taɓa tsoho?

Malama Mai Lissafi:
Injiniya, ka karanto rabi ka bar rabi. Injinan saƙar Sakichi suna da wata dabara: in zare ɗaya ya tsinke sai injin ya tsaya da kansa, don kada ya ci gaba da saƙa ɓarna. Ita suka ɗauko suka kai masana'antar mota. Ƙaramin ma'aikaci in ya ga abu ba daidai ba yana da ikon jan igiya, in ba a gyara ba layi ya tsaya. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya gina tsarin aikinsu a kan irin wannan. Ashe ɗan ya bar zare amma bai bar tukunyar ubansa ba. Ni ina bayan Kawu.

Mai Shayin Kwana:
Ina ma a ba mu igiyar nan a ƙasar nan. Da tuni ta tsinke don ja.

Ɗan Madawa:
Ku dakata in ba ku labarin kakata, wadda ta haifi babana, Allah ya yi mata rahama. Ita ta ji wannan karin magana daga bakin miji, kuma ta ba da amsa.

Mutuniyar wani ƙauye ce arewa da Madawa. Albasa take fatauci, irin ja ɗin nan ta Galmi, tana tarawa a rudu sai ta yi tsada ta fitar. A farkon shekarun 1980 ta tara abin da ta tara ta sayi tsohuwar a-kori-kura, Hilux, a hannun wani ɗan kasuwa a Ƙonni. Fenti ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Ta ɗauki ɗan ƙanenta direba. Ita ba ta shiga gaba, a bisa buhu take zama ta lulluɓe da mayafi, ta ce daga nan take ganin ko ana satar mata kaya. Kakanmu kullum dariya yake wa motar, yana kiranta jakar Tsohuwa.

Shi kuma shekarar da ya samu kuɗi ya yi abu biyu a wata guda: ya sayi wata doguwar mota ta 'yan birni mai jan ciki a ƙasa, ya kuma ɗaura aure da yarinya sa'ar babbar ɗiyarsa. Daren da za a kawo amarya ya shiga ɗakin kakata yana ta kame-kame, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ai da tsohuwar zuma ake magani." Ta ce, "To Malam, na ji. Ni magani ce. Je ka sha sabuwa, ran da ciwo ya zo ka san hanyar ɗakina."

Bazazzagiya:
Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah! Ci gaba, ɗan'uwa, na ajiye girki.

Ɗan Madawa:
Damina ta yi tsakiya, cikin dare ƙaba ta murɗe wa kakanmu. Yana birgima, amarya na kuka. An yi ruwa tun la'asar, ƙoramar da ke tsakaninmu da kwalta ta kawo. Aka tada doguwar motar, ko bakin gari ba ta kai ba ta zauna cikin laka. Jakar Tsohuwa kuwa an riga an yi mata lodin albasa za ta kasuwa da asuba. Kakata ta sa aka sauke buhunan a fili, ruwa na yayyafi, aka shimfiɗa katifa, aka ɗora shi. Daren nan ne kaɗai aka ga ta shiga gaba, ta bar wa amarya baya ta riƙe masa kai. Samari na tura, direba na ba ta wuta, suka haye. Kafin gari ya waye suna asibitin Galmi, aka yi masa aiki.

Ya dawo gida, ya warke, ana ta zuwa barka. Sai ga direba ya yi sallama da 'yar takarda. Kuɗin mai, ladan direba, ladan samarin da suka tura, da kuɗin albasar da ruwa ya ɓata, buhu-buhu. Kaka ya taka har ɗakinta ya ce, "Haba, tsakanina da ke?" Ta ce, "Malam, a wane gari ka ga ana ba da magani kyauta?" Sai da ya sayar da bijimin sa ya biya. Har ya rasu ba a sake jin wannan karin magana a bakinsa ba, kuma in wani ya faɗe ta a majalisa sai ya tashi ya ce zai kama ruwa.

Malam Na Zaure:
To kun gani. Labarin ya tabbatar da maganar, a kan mutum kuma. Da ba ta ce a sauke albasa ba, motar me za ta yi?

Bazazzagiya:
A'a Malam, labarin ya tona asirin maganar ne. Yabo ne mai zagi a ciki. Ana nufin ka zauna a lungu, ba a marmarinka, sai an matsu. Ni duk wanda ya kira ni tsohuwar zuma ya tanadi sa.

Usta Ƙofar Ruwa:
Ku bar batun mata. Ɗan Madawa, mai fetur ce ko mai gas? In ta haye ƙorama da daddare da mutum a baya, direban nan ma a yi masa addu'a.

Bahaushen Injamena:
Usta, mu nan ba a yi mana bayanin a-kori-kurar Toyota. A 1987, zamanin Hissène Habré, sojan Chadi da irin waɗannan motocin suka fuskanci tankokin Libiya. Faransa ta ba da makaman harbo tanka aka ɗora a baya. An gwabza a garin Fada cikin Janairu, a Wadi Dum cikin Maris, Hassan Djamous ne kwamandan sojan Chadi. Har yau duniya na kiransa Yaƙin Toyota. Kuma ku duba Land Cruiser ɗin nan mai kusurwa da ake ƙetara sahara da ita daga Agadas: tun 1984 aka fito da samfurin, har yanzu kamfanin bai daina ƙera shi ba, don masu saye sun ƙi yarda a canza musu. Sai dai kada mu yi ta yabo. Motar da ke kai maras lafiya asibiti, irinta ce ke kawo masu bindiga gari. Mutanen bakin tafkin Chadi sun sani.

Kwatano Kai Tsaye:
Ni dillalin mota ne, bari in faɗa muku abin da ba za ku so ji ba. Wannan karin magana jarinmu ce. Da ita muke sayar da Camry mai shekara ashirin a kuɗin fili. Tun da aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, naira kuma ta yi abin da ta yi, tsohuwar Toyota ta zama asusu: ka hau ta ka more, ka sayar sama da yadda ka saya. Ba zumar ce ta ƙara kyau ba, kuɗin ne ya lalace. Kuma kamfanin ba mala'iku ba ne. Crown ɗin da suka fara kaiwa Amurka a 1958 ta kasa gudun manyan titunansu, sai da suka janye ta. A 2009 da 2010 sun kira miliyoyin motoci a dawo da su saboda matsalar totur, har shugaban kamfanin a lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya je gaban majalisar Amurka a Fabrairun 2010 ya ba da haƙuri. Corolla tun 1966 ake yin ta, ta haura miliyan 50 a 2021, amma ta bana da ta farko suna kawai suka haɗa. Ɗan Fagge, in Yaya ya ci gardama ka neme ni ta akwatin saƙo.

Mai Shayin Kwana:
Ku tsaya. Mai kamfani sukutum ya tsaya gaban majalisa ya ba da haƙuri? Mu namu in birki ya tsinke da jama'a sai ya kafa kwamiti, kwamitin kuma a saya masa Hilux goma.

Malama Mai Lissafi:
Dillali ya zo da ciniki tsakiyar majalisa, ko kunya. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo: Hajiyar da za a riƙa kaiwa asibiti, an tambaye ta? Wataƙila ita kujerar da mijinta ya zauna take so ta riƙa gani. Wataƙila kuma bayanta ya gaji da tsalle.

Injiniyan Gwale:
Ni har yanzu ban ga wanda ya kawo hujjar cewa tsohuwar zuma ta fi sabuwa magani ba. Wa ya gwada?

Malam Na Zaure:
Injiniya, in aka biye maka sai ka kai "ruwa ba ya tsami banza" ɗakin gwaji.

Bazazzagiya:
Wace zumar ma? Ta yanzu sukari ne aka dafa aka zuba a galan, a jefa matattun ƙudan zuma biyu a kai don shaida. Na ajiye wata, ko shekara ba ta yi ba ta rabu gida biyu. Wai a tsoma ashana a kyasta, in ta kama ta gaskiya ce. Tawa ta kama, kuma jabu ce.

Usta Ƙofar Ruwa:
Haka kayan gyara, Hajiya. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, farashi uku. Ɗan Madawa, ba ka ba ni amsa ba. Ina motar take yanzu?

Ɗan Madawa:
Mai fetur ce. Ɗan amaryar ne ma ya ƙare yana tuƙa ta, kakata ta ɗauke shi aiki da albashi, ba sani ba sabo. Da aka zo rabon gado an yi rigimar da ta fi ta gidan su Ɗan Fagge, wannan sai wata rana. Gangar jikin na nan bayan gida, kaji na ƙwai a ciki.

Usta Ƙofar Ruwa:
Ka duba min ko giyabos ɗin na nan. In yana nan a kori kajin, ina da mai so.