Tsoro da fushi a ajin siyasa: darasi ne ko ɓata lokaci?

Malami, Birnin Kebbi: Ina nan kan bakana. Ɗalibin hulɗar ƙasashe da bai karanci tsoro da fushi da zafin wulaƙanci ba, rabin karatu ya yi. Tun zamanin Girkawa, masanin tarihi Tusididis ya jera tsoro da martaba kusa da riba a cikin abin da ke tura ƙasashe yaƙi.

Ɗan Kamba: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ban gamsu ba. Ƙasa ba ta da zuciya, muradi gare ta. Ranar jarrabawa, ta yaya za ka ba da maki a kan fushi?

Malami: Ai kai ka fi ni kusa da amsar, tunda Kamba na bakin iyakar Nijar. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ba sojoji wa'adin kwana 7, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke musu wuta. Da lissafin riba ne kaɗai, da sun sauko. Sai ga filin wasa na Yamai ya cika maƙil ranar da wa'adin ya ƙare, mutane na jin an raina musu ƙasa. Ƙarshenta a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar. Wannan zan ba ɗalibi ya warware min: me ya sa barazana ta ƙara musu taurin kai?

Ɗan Kamba: Na ga motocin kaya jere a bakin iyaka, albasa na ruɓewa har wari ya hana zama. Wannan asara ce, Malam, ana ƙirga ta da naira. Shugabanni kuwa sun iya hura wutar fushin talaka don su tsira da kujera.

Malami: To, yadda ake hura wutar nan, ba abin koyarwa ba ne?

Malama, Gusau: Ku dakata, ni damuwata daban. Ina darasin tsaro, na ambaci harin 'yan bindiga, sai wata yarinya ta kifa kai a tebur, littafinta ya jiƙe sharkaf. Ashe ƙauyensu ne. Ina goyon bayan a koyar, wallahi ina goyon baya. Amma a nan Zamfara tsoron da za ka rubuta a allo yana zaune a layi na uku yana kallonka. Wa ya horar da mu yadda za mu riƙe irin wannan aji?

Ɗan Kamba: Allah sarki. Hajiya, ta dawo aji kuwa?

Malama: Ta dawo bayan mako biyu. Can baya take zama yanzu.