"Magana zarar bunu ce": har da wadda ake iya gogewa?

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi wa ɗana faɗa kan wani saƙo da ya tura a WhatsApp, na ce masa magana zarar bunu ce. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Umma, wannan ai ta zamanin ɗakin ciyawa ce, yanzu in ka rubuta abu sai ka goge." Wallahi na rasa ta cewa. Karin maganar ta tsufa ne?

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam 'yata. Yaron bai taɓa yin jinkar ɗaki ba, shi ya sa. Bunu tsohuwar ciyawar rufin ɗaki ce, wadda ta sha rana da damina ta yi baƙi. Ka kama sili ɗaya ka ja, zai biyo ka salin alin. To ka ce za ka mayar da shi inda ya fito, sai ya karye maka a hannu. Ki tambaye shi, in ya goge a wayarsa, ya goge a kan waɗanda suka karanta?

Ɗan Ingila: Baba, bari in ba da misali daga nan inda nake. Ranar 29 ga Yuli 2024 wani matashi ya kashe yara mata 3 da wuƙa a garin Southport. Kafin dare an baza a shafin X (tsohon Twitter) cewa Musulmi ne, ɗan neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale, har da sunan da aka ƙaga masa, wai Ali al-Shakati. Ashe a birnin Cardiff na nan Birtaniya aka haife shi, iyayensa 'yan Ruwanda ne. Da yake shekarunsa 17, doka ta hana 'yan sanda faɗin sunansa, sai maƙaryata suka cike gurbin. Washegari da yamma aka far wa masallacin garin da bulo da duwatsu, aka raunata 'yan sanda sama da 50. Ranar 1 ga Agusta alƙali ya ba da izinin bayyana sunan gaskiya, amma tarzomar ba ta tsaya ba, ranar 4 ga wata aka kai hari otal ɗin da aka sauke 'yan neman mafaka a Rotherham. Wata mata kuma ta rubuta a cinna wa irin otal ɗin nan wuta, ta goge bayan 'yan awanni, an riga an gani sau 310,000. Wata 31 aka yanke mata a gidan yari. Sai ki gaya wa ɗanki, ita ma ta goge.

Lauyan Zaure: Ni fa ina da ja. Karin maganar ba ta ce komai kan ƙarya ba. Gaskiya ma zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kuma na lura manya sun fi jawo ta idan suna son yaro ya yi shiru kan abin da ya gani da idonsa. Yau a ɗaure mai kiran a ƙona otal, na yarda, wannan tunzura jama'a ne. Gobe da sunan yaƙi da labaran ƙarya a ɗaure wanda ya ce hanyar garinsu ta lalace. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa.

Malama Mai Islamiyya: Ranka ya daɗe lauya, ka karanto 39 ka tsallake 45, inda aka yarda a taƙaita 'yancin saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Amma ni ba kotu ce damuwata ba. Karin maganar ba ta ce kar ka zara ba, cewa ta yi ka san abin da kake zara. Shi ne "fatabayyanu" na Suratul Hujurat, aya ta 6: ku bincika, kada ku cutar da mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama.

Kuma mu daina kallon Turawa kaɗai. Wa ke yawo da wasiyyar nan ta wai Shehu Ahmad mai hidimar masallacin Annabi (SAW), wadda aka ce ya yi mafarki, wanda ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga masifa? Tun muna yara ake raba ta a takarda ƙofar masallaci, malamai sun yi ta cewa ƙarya ce, yanzu ta koma waya. Da safen nan wata ɗalibata, uwar 'ya'ya, ta turo min ita da "don Allah Malama ki tura wa mutum goma." Ƙarya ce a kan Musulunci, kuma da hannunmu muke rabawa muna neman lada.

Uwar Biyu: Malama kin taɓo ni. Abin da yaron ya tura ke nan, kuma daga wajen yayata ya samo.

Lauyan Zaure: To a nan wa ya zari bunun, wanda ya ƙaga ko wanda ya tura? Mai turawa zai ce shi ɗan aike ne.

Malama Mai Islamiyya: Ɗan aiken da ba wanda ya aike shi? Hadisi ne a farkon Sahihu Muslim: ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Ɗan Ingila: Ni wadda na fara shakka a kanta ita ce "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya." Ta Southport ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Baba Mai Rediyo: Ɗana, 'ya'yan da ake nufi na amfani ne, waɗanda mai shuka zai ci. Amma ka buɗe mata zaure daban, ina da magana a kanta. Ke kuma 'yata, in kun je ƙauye da salla ki kai yaron gindin rumbu, ki sa ya zari sili ɗaya ya mayar a gabanki.