Gudu ko keke? Hirar 'yan zauren motsa jiki na Birnin Kebbi

Baban Ummi, Gesse: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Makon jiya na je asibiti, aka auna jinina aka ce 150 bisa 95, nauyi kuma kilo 98. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da ɗanɗano, in riƙa motsa jiki. Shekarata 47, rabona da gudu tun ina makarantar kwana. Jiya bayan asuba na ɗaura niyya na fita, wallahi ko mita 300 ban yi ba numfashi ya ƙare, na zauna bakin kwalbati ina haki. Mai shayin unguwarmu ya taso da moɗar ruwa yana tambayata wai ɓarayi ne suka biyo ni. To gudun zan dage da shi ko keke zan saya? Kuma ina kuke yin naku?

Ɗan Badariya: Wa alaikumus salam. Yaya, mai shayin nan ya kyauta. Ni ranar da na fara wata tsohuwa ce ta tsayar da ni, wai "ɗana mi ya faru, gobara ta?"

Maman Hanif: Baban Ummi sannu, Allah ya ƙara lafiya. Kafin a shiga zancen takalmi da keke, ni aikin jinya nake, bari in tambaye ka abu ɗaya. Haki kawai ka yi, ko ka ji ƙirjinka ya ɗaure kamar an ɗora maka dutse? Ka ji ciwon yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi? Jiri fa? In akwai ko ɗaya cikin waɗannan, kada ka sake fita sai ka koma wurin likitan ka faɗa masa.

Baban Ummi, Gesse: A'a Hajiya, haki ne kawai da bushewar maƙogwaro. Sai cinyoyina da suka yi tsami yau, da ƙyar na yi ruku'u.

Maman Hanif: To alhamdu lillahi, wannan na kowa ne. Amma maganin da aka ba ka ka ci gaba da sha, kada ka ce ka fara gudu ka ajiye shi. Mun sha ganin haka, mutum ya yi wata guda yana zagaye fili ya ce ya warke, sai a kawo mana shi ranga-ranga. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Minti 30 sau biyar a mako ka cika na ƙasan ke nan. Kuma tafiya da sauri tana cikin lissafi, ba sai ka yi gudu ba.

Baba Mai Fonis: Baban Ummi, ni keke nika ba ka shawara, kuma ba da wasa ba. Fonis ɗin ga nawa shekarar da anka ƙirƙiro jihar Kebbi na saye shi, 1991, har yau shi nika hawa zuwa fadama in duba shinkafa in komo. Abokaina da sunka sayi mashin tun wancan lokaci, rabinsu yanzu sai an kama su suke tashi daga tabarma. Mutum mai kilo kusan ɗari ya ce zai dinga dira bisa kwalta? Gwiwa ba ta da kayan gyara a kasuwa, ɗana.

Malamin Wasanni: Baba ya yi gaskiya ta wani ɓangare. In kana gudu, duk takun da ka yi ƙafar tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyinka, wato kai Yaya kusan kilo 250 ke sauka kan ƙafa ɗaya. A keke sirdi ne ke ɗauke da kai. Sai dai ban yarda cewa gudu shi ke kashe gwiwa ba. Abin da ke kashe ta gaggawa ce, mutum ya shekara ashirin a kujerar ofis, rana ɗaya ya ce zai yi kilomita biyar. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji haki ya ragu, amma jijiyoyi da ƙashi sun fi su nawa. Nan ne mutane ke faɗawa rami: numfashi ya ce ƙara, ƙauri ya ce ban shirya ba.

Ga yadda nake fara wa manya irinka. Makonni biyu na farko tafiya zalla, minti 30, da saurin wanda ya ji an ta da iƙama yana nesa da masallaci. Mako na uku sai ka sa sassarfa ta minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita sau takwas. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ma'aunin saurinka kuwa bakinka ne: in ba ka iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla kana cikin sassarfar, ka yi sauri da yawa, rage. Jiya na tabbata gudun tsere ka yi.

Baban Ummi, Gesse: Wallahi kamar kana wurin, Malam. Gani na yi yara na kallo, na ce kada su raina ni.

Ɗan Badariya: Akwai manhaja a waya mai suna Couch to 5K, tsarinta kusan irin na Malam ne, makonni tara take kai mutum ga gudun minti 30 ba tsayawa. Ita ke gaya maka a kunne yanzu yi gudu, yanzu yi tafiya. Da ita na fara.

Baba Mai Fonis: Waya ta koya wa mutum gudu. Allah ya kyauta zamani.

Injiniya, Rafin Atiku: Ni duka biyun nake yi, amma tunda an taɓo keke bari in daɗe a nan, don na yi asara kafin in gane. Na farko da na saya sabo ne fil a kwali, mai giya 21, da sufirin gaba da baya, yana ƙyalli kamar na 'yan tsere. Wata biyu giyar ta fara tsalle, fedar hagu ta karye ina tsakiyar hanyar Ambursa, na turo shi har gida rana na dukana. Ƙarfensa kamar gwangwani. Na biyu gwanjo ne, fenti duk ya koɗe, shekara huɗu ke nan ban canza komai ba sai kaca da taya da robar birki.

In za ka sayi na gwanjo, Yaya, ka je da mai gyaran keke, ka ba shi na goro. Ku duba wuraren walda ko akwai tsagewa, musamman ƙarƙashin sirdi da wuyan keken. Ku ɗaga taya ku juya ta, in tana rawa hagu da dama tana taɓa birki, wilin ya lanƙwashe. Ku kama fedar ku girgiza, in tana ƙwas-ƙwas boris ya ci. Sannan girma: ka tsaya da ƙarfen tsakiya tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai 'yar tazara. Kada mai kaya ya ce maka "ai za ka saba".

Abin da ya fi komai muhimmanci kuma kyauta ne: tsawon sirdi. Mutanenmu suna sauke shi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, sai ka ga gwiwa na neman taɓa haɓa. Wannan shi ke kawo ciwon gwiwa a keke. Ka zauna, ka ɗora dunduniyarka kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. In ka mai da gaban ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to daidai ke nan. Kuma ka bar giya mai nauyi, ka sa mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri.

Baba Mai Fonis: Zancen sirdi gaskiya na. Amma giya 21 mi za a yi da ita a Birnin Kebbi? Tudun Dukku kaɗai muka da shi.

Injiniya, Rafin Atiku: Baba, iskar hunturu in ta taso maka ta gaba kana dawowa, ita ce tudun. Ranar za ka so giya.

Ɗan Badariya: Ku faɗa masa maganar tsidau dai. Ɗan hakin da ka raina. Na sauka gefen kwalta don in ba tirela hanya, ko taku goma ban yi cikin ciyawar ba, taya biyu duk suka sace. Mai faci ya ƙirga huji bakwai.

Injiniya, Rafin Atiku: Shi ya sa ba na fita sai da tif guda na ajiya, ƙaramin famfo da kayan faci a jakar ƙarƙashin sirdi. Wata dabara: ka yanka tsohon tif ka shimfiɗa shi cikin taya kafin ka sa sabon, yana rage huji sosai. Ƙarfe shida na safe ba mai facin da ya buɗe.

Anti Rabi, Tudun Wada: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mu mata fa? Ni ma an ce sukarina ya fara hawa, amma in na fito titi da takalmin gudu, kafin in dawo labari ya kai gidan surukaina.

Maman Hanif: Anti Rabi, mu shida ne muke yi, kuma ba a titi ba. Mun roƙi shugabar wata makarantar 'yan mata ta bar mu mu riƙa zagaya filin ƙwallonsu Asabar da Lahadi bayan asuba. Zagayen cikakken filin ƙwallo ta bakin layi kusan mita 350 ne, uku kin haura kilomita ɗaya. Dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi mai shan iska, shi ke nan. Babban hijabi yana harɗe ƙafa, wata ƙawarmu ta sha ƙasa da shi. In kina shan maganin sukari ko allura, ki sa dabino uku a aljihu, in kika ji rawar jiki da gumi mai sanyi ki tsaya ki ci. Ki riƙa duba tafin ƙafarki kuma in kin cire takalmi, mai sukari ba ya son ƙanƙanin rauni. Ki yi mini magana ta gefe.

Anti Rabi, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Baban Ummi, Gesse: Takalmi fa? Jiya da kambas ɗin ɗana na fita, babban yatsa ya yi baƙi.

Malamin Wasanni: Ya matse ka ne. Ka je sayen takalmi da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa safar da za ka riƙa gudu da ita, ka bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Na gwanjo ba laifi, amma ka juya ƙasansa. In dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ko ka danna katifar ka ji ta mutu ta yi tauri, bar shi ko da samansa na sheƙi. Yawanci takalmin gudu daga kilomita 500 zuwa 800 ya gama aikinsa, kuma ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba.

Ɗan Badariya: Abebe Bikila na Habasha fa ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960, kilomita 42 da 'yan kai.

Malamin Wasanni: Shi ba a hanyar Kalgo ya yi ba, inda fasassun kwalabe da tsidau ke jira. Kuma a 1964 a Tokyo da takalminsa ya sake ci.

Injiniya, Rafin Atiku: Tunda an ambaci hanyar Kalgo: ni na bar ta, manyan motoci sun yi yawa kuma da asuba wasu direbobin kwana suka yi suna tuƙi. Na fi son ɓangaren Ambursa. Mai gudu ya bi hannun hagu yana fuskantar motoci, ya ga abin da ke zuwa. Mai keke kuwa hannun dama, tare da motoci. Riga mai haske, fitila ja a bayan keke, hular kwano. Kada a toshe kunne biyu da waƙa. Kuma kada kowa ya yi nisa da gari shi kaɗai da duhu, kun san halin da ake ciki. Masu amfani da Strava, manhajar waya mai zana hanyar da mutum ya bi a gudu ko keke, ku shiga saituna ku ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, in ba haka ba taswirar ƙofar gidanku kuke nuna wa duniya da lokacin da kuke fita kullum.

Maman Hanif: Ga zafi na tafe. Daga Maris zuwa Mayu nan garin ana haura digiri 40, wanda bai gama ba kafin ƙarfe bakwai da rabi ya haƙura sai gobe. Fitsari shi ne ma'auni, in ya yi ja kamar shayi ruwa bai ishe ka ba. Baban Ummi, kai da ke da hawan jini ruwa zalla ya ishe ka a minti 30, kada wani ya ce ka riƙa zuba gishiri. Kuma a bar lemon kwalba bayan gudu, abin da ka ƙona ne kake mayarwa.

Ɗan Badariya: Da azumi ni minti 20 kafin a sha ruwa nake ɗan taka keke a hankali, in iso gida ana kiran salla. Wasu bayan tarawihi suke yi.

Baban Ummi, Gesse: Na gode jama'a, Allah ya saka. Abin da na tsayar: zan fara da tafiyar Malam makonni biyu. Akwai kuma tsohon keken ƙanena a sito, na fito da shi ɗazu, kaca ta yi tsatsa, tayoyi sun kwanta. Injiniya ko za ka duba mini shi?

Injiniya, Rafin Atiku: Kawo shi Asabar, ƙarfe shida da kwata muna haɗuwa bakin filin wasa na Haliru Abdu. Ka jiƙa kacar da kananzir daren Juma'a ka goge da tsohon buroshi, zan zo da mai. Ɗauko mini hoton bawul ɗin, in irin na mashin ne famfona zai yi, in siririn nan ne sai na ari na wani.

Baba Mai Fonis: In irin na Fonis na, ni ad da famfonshi. Amma sai na komo daga fadama, ku jira ni wajen mai ƙosai.