Turancin "shrink": raguwa ce, tsukewa ce, ko ja da baya?

Ɗalibar Jega:
Assalamu alaikum malamai. Kalmar shrink ta ɗaure min kai. A takardar jikin riga ana rubuta "will not shrink", a labarai a ce "the economy shrank", sannan a tambayoyin WAEC akwai "he did not shrink from his duty". Duk abu ɗaya ake nufi? Daga ina kalmar ta fito, kuma wanne ne daidai tsakanin shrank da shrunk?

Malamin Turanci, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Tushenta ɗaya ne, ki riƙe shi sauran za su zo da sauƙi. A tsohon Turancin da aka yi a Ingila kafin shekarar 1100 ana rubuta ta scrincan, kuma haruffan sc a lokacin "sh" ake furta su. Ma'anarta ta farko yaushi da yamushewa, kamar ganyen zogale da aka tsinka aka bari a rana. Tana da ƴar'uwa a harshen Sweden, skrynka, wato tamoji ko yamutsewa. Ke nan ba kowace raguwa ba ce shrink. Abu ne ke janyewa cikin kansa, ba wani ne ya ɗebe masa ba. In kika ɗebi mudu biyu daga buhu, kin rage shi ne, reduce. In kika gasa nama ya motse, wannan ita ce shrink.

Daga nan "shrink from" ta samo asali: mutum ya takure jikinsa don tsoro, kamar dodon koɗi in an taɓa shi. Jimlarki ta WAEC tana nufin bai ja da baya daga aikin da ke kansa ba. Tattalin arziki kuwa aron ma'ana ne, kamar yadda na Najeriya ya tsuke a 2016 da 2020.

Batun nahawu, layinta ɗaya da drink, drank, drunk da sink, sank, sunk. A jarrabawa ki rubuta "it shrank", amma "it has shrunk". Shrunken sifa ce, gaban suna take zama: "a shrunken shirt". Shrinked kuskure ne, mai maki ba zai ɗaga miki ƙafa ba. Wajen furuci kuma a guji "shirinki", babu wasali tsakanin sh da r.

Tela, Gusau:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara ta fuskar ɗinki. Lokacin saƙa, zaren auduga a miƙe yake tamau a kan inji. Ranar da ya sha ruwa sai ya saki jiki ya koma yadda yake, kuma ta tsawo ya fi tsukewa, ba ta faɗi ba. Audugar da ba a gyara ba tana iya rasa kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Yadi 10 inci 360 ne, kashi 4 ɗinsa ya haura inci 14. Shi ya sa kaftani ke ɗagewa bayan wankin farko, hannu ya tsaya sama da wuyan hannu.

Maganinsa a jiƙa yadin a ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a goge, sannan a yanka. Shadda ce ba a son jiƙawa saboda ƙyallinta, sai a bar rarar inci ɗaya a tsawo da hannu, a naɗe a ƙasa. Inda ake ɓarna sosai shi ne a haɗa auduga da shafi na roba: na waje ya tsuke, na ciki bai motsa ba, rigar ta tattare. Suwaita ta ulu kuwa ruwan zafi da cuɗa ne ke kashe ta, gashin ya sarƙe, ba ta komawa. In kika ga Sanforized a jikin yadi, an riga an tsuke shi a masana'anta, dabarar wani Ba'amurke ce, Sanford Cluett, tun 1930.

Ɗan kasuwar shinkafa, Argungu:
A harkar kaya akwai shrinkage, wato nauyin da ya tafi tsakanin saye da sayarwa. Shanshera mai danshi kashi 24, kilo 100, ƙwayarta zalla kilo 76 ce. In ta bushe zuwa kashi 14, inda ake son ta don ajiya, ƙwayar ta zama kashi 86 na nauyin, sai ki raba 76 da 0.86, ya ba ki kusan kilo 88. Kilo 12 ruwa ne ya bi iska. Wanda ya saya ɗanya da kuɗin busassa ya faɗi tun a bakin fadama. A littafin kanti kuma kalmar ta haɗa har da sata da lalacewar kaya.

Malamin Turanci, Birnin Kebbi:
Madalla, Alhaji. Saura biyu da za ta ci karo da su. A Amurka "a shrink" likitan ƙwaƙwalwa ne, gajarcewar headshrinker, kuma maganar hira ce, kada ta shiga insha'i. Sai shrinkflation, haɗin shrink da inflation (hauhawar farashi): kuɗin burodi ko sabulu yana nan yadda yake, girmansa ne ya ƙanƙance.