Wa ya taɓa kai dabbarsa asibitin dabbobi? A ba mu labari

Mai Raguna Uku:
Assalamu alaikum jama'a. Bana na ce bari in gwada kiwon turke, na sayo raguna uku a kasuwar Wudil tun watan Sha'aban da niyyar Babbar Sallah. Biyu Yankasa ne, ɗaya Balami, kuma Balamin nan shi ne jarin. Tun shekaranjiya ya rage ci. Sai ya tsaya ya gantsare yana nishi kamar mai son yin kashi, yana cizon haƙora, yana shurin cikinsa. Maƙwabcina ya ce tsutsa ce, na ɗura masa maganin tsutsa, shiru. Wani ya ce in jiƙa masa kanwa. Uwargida ta ce in daina biye wa mutane in kai shi asibitin dabbobi. Ni kuwa ban taɓa shiga ba, wucewa kawai nake yi ta ƙofar. Waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka tarar? Ana duba dabba da gaske, ko allura za a caka masa a karɓi kuɗi?

Uwar Awaki:
Wa'alaikumus salam. Malam, uwargidanka ta fi maƙwabcinka gaskiya. Na daɗe ina kiwon jajayen awaki a cikin gida, sau ɗaya aka taɓa yi wa tawa aiki. Akuyar tana ci tana ramewa, ciki ya yi tulu, ƙashin baya duk a waje. Sau uku ina ba ta maganin tsutsa. Da yarona ya kai ta a adaidaita, likitan bai ko kalli allura ba. Ya sa mata ma'aunin zafi ta dubura, ya buɗe fatar idonta, sannan ya dunƙule hannu ya danna cikinta ta hagu. Ya ce wa yaron je ka kira mai akuyar. Da na zo ya nuna min wurin ya ce in danna da kaina. Na ji abu cunkus kamar an cusa tsumma a buhu. Ya ce Hajiya leda ce, kuma babu maganin da ke narkar da leda.

Aka aske gefen cikin, aka yi allurar kashe zafi, aka tsaga har tumbi. Abin da ya fito sai da na riƙe baki: ledar ruwa, ledar burodi, igiyar buhu, har guntun soson wanka. Bayan kwana goma aka cire zaren. Wannan akuyar ta haifa min tagwaye daga baya. Amma tun ranar ba ta ƙara leƙa bola ba.

Malamin Dabbobi:
Malam Mai Raguna, kafin labari ya yi nisa: yaushe rabonka da ganin ragon nan ya yi fitsari? Tashi ka duba ƙasan turkensa, ka shafa gashin bakin gabansa ka ji ko akwai ɓurɓushi kamar gishiri.

Mai Raguna Uku:
Na duba. Wurin sauran biyun a jiƙe yake, nasa busasshe, sai ɗan ɗigo. Ɓurɓushin ma akwai.

Malamin Dabbobi:
Ban gan shi da idona ba, amma wannan ya fi kama da tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari. A makonnin nan na gab da Sallah ba abin da muke gani kamar shi, sai kumburin ciki na ragon da aka cika wa hatsi rana ɗaya. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. In rago yana shan dusa safe da yamma, harawa kaɗan, ruwa kaɗan, sai abin ya taru a mafitsara ya zama tsakuwa. Hanyar fitsarin rago kuwa doguwa ce, siririya, mai lanƙwasa, a ƙarshenta akwai ɗan sili kamar tsutsa, nan tsakuwar ta fi maƙalewa. Kada ka ba shi kanwa, ƙara wa tsakuwar ƙarfi take yi. Kada kuma ka kai gobe. Idan mafitsara ta fashe zai yi kamar ya samu sauƙi na yini guda, ka yi ta murna, alhali fitsari ne ke cika masa ciki. A lokacin ko yankawa aka yi naman warin fitsari zai yi.

Mai Raguna Uku:
Innalillahi. Na tafi neman adaidaita.

Alhaji na Bakin Kasuwa:
Allah ya ba shi lafiya. Amma fa kada yabon ya yi yawa. Bara na kai tunkiyar iyalina haihuwa ta gagare ta. Na tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa sai maigadi da wata ɗaliba mai koyon aiki. Wai likita ya tafi kwata. Na zauna a benci har rana ta take. Da ya zo, ya rubuta takarda ya ce in je kanti in sayo allurar, har sirinji da safar hannu. To in ni zan sayi komai, asibitin me ya yi? An ciro ɗan a mace, uwar ma ba ta kwana ba.

Malamin Dabbobi:
Ranka ya daɗe, ban musa ba. A wurare da dama likitan da zai duba tunkiyarka shi ne ke duba nama a mayanka tun asuba, kuma kabad ɗin magani sau da yawa wayam yake. Sai dai in tambaya: kwana nawa ta yi tana naƙuda kafin a kawo ta?

Alhaji na Bakin Kasuwa:
Kwana biyu. Mata suna ta jiƙa mata yauƙi.

Malamin Dabbobi:
Tunkiyar da ta yi awa guda tana yunƙuri ba a ga kai ko ƙafa ba, lokacin neman taimako ya yi. Zaman bencin laifinmu ne, Alhaji. Kwana biyun ba namu ba ne.

Ɗan Ruga:
Mu ba ma kai saniya asibiti, asibitin ne ke zuwa mana a kan babur, da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya. Baffana har gobe in ya ga akwatin nan sai ya tuna annobar shanu ta bushiya a 1983. Ya ce garke guda sai ya kwanta cikin mako, mutum ya wayi gari da sanda kawai a hannu. An sanar da kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma shi bai yarda ba, ya ce ɓuya ta yi. Yanzu abin da ke damunmu ciwon huhu ne, da boru mai kama baki da kofato, da sammore in mun gangara kudu, da kirci in damina ta zauna.

Abin da muka koya da asara shi ne a leƙa cikin akwatin. Wani ya taɓa zuwa mana da farar riga, ya ce rigakafin huhu ya kawo daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ashe kwalbar a aljihunsa ta yini cikin rana. Ya yi wa shanu fiye da arba'in, ya karɓi kuɗi, ciwon ya zo ya same mu kamar ba a yi ba. Likitan gaskiya da muke hulɗa da shi yanzu, in ƙanƙararsa ta narke a hanya juyawa yake yi. Rigimarmu da shi ɗaya ce. In ya yi wa saniya allurar LA, wannan mai daɗewa a jiki, sai ya ce kada a sha nononta kada a sayar sai kwanakin da ke jikin kwalbar sun cika. Je ka faɗa wa Innata ta zubar da ƙwarya guda ta nono ka ga yadda za ku ƙare.

Mai Kajin Gida:
Ni gawa na kai musu. Da hunturu kajina suka fara gyangyaɗi, kashi kore, wasu wuya ya murɗe. Na kira, aka ce in zo da biyu da suka mutu a ranar da ɗaya mai rai. Na yi mamaki, ashe a gawar suke karanta ciwon. A gabana ya feɗe, ya nuna min ɗigon jini a cikin tumbin da ke gaban ƙundu, ya ce Niyukasil ce, ba ta da magani, duk kafso ɗin da nake zubawa a ruwa asarar kuɗi ce. Da annobar ta wuce aka ɗiga wa waɗanda suka tsira rigakafi a ido, ɗigo ɗaya kowace kaza, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Ya kuma hana ni haɗa kazar kasuwa da na gida sai ta yi mako biyu a ware. Ita ce ma ta kawo min ciwon, wata farar kaza da na saya don ta yi araha.

Ɗan Barga:
Daren Hawan Daushe dokin maigidana ya kama ciwon ciki. Gumi sharkaf, yana waiwayen cikinsa, yana neman birgima. Laifinmu ne, mun ƙara masa gero don ya yi kuzari a gaban jama'a. Wani dattijo ya ce a ɗura masa jiƙo ta hanci. Allah ya sa likita ya iso kafin nan, ya ce da mun yi da huhu zai tafi. Shi ma ta hancin ya bi, amma da doguwar roba har cikin ciki, ya fitar da iska da ruwa mai tsami, ya yi masa allurar rage zafi. A daren na san doki ba ya iya amai, shi ya sa abin da ɗan'adam zai amayar ya huta, shi yana iya kashe shi. Muka yi ta zagaye da shi a tsakar gida har kiran assalatu. Ya tashi, amma hawan bana a ƙasa maigida ya kalla, fuska a murtuke.

Maman Mage:
Ku da raguna da dawaki ba wanda zai yi muku dariya. Ni da na shiga adaidaita da kyanwa a kwali, har direban sai da ya ce Hajiya mutane ma ba su samu asibiti ba. 'Yata ce ta ga kyanwar ba ta da lafiya ta ba ta rabin farasitamol don tausayi. Fuskarta ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Likitar, mace ce, ta ce jikin kyanwa ba ya iya sarrafa wannan maganin, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Ta sa mata ruwa, ta yi iya yinta, ba ta rayu ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ta zaunar da yarinyar ta lallashe ta, ba faɗa. Kyanwar da muke da ita yanzu da katinta, an yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Malamin Dabbobi:
Hajiya, a wajenmu benci ɗaya ne. Da safe za ka ga mai rago, mai zomo, yaro da tantabara a cikin riga, ɗan farauta da karnuka, duk a layi. Aikin farko kafin kowa ya zo shi ne buɗe firij a ga ko ya kwana da sanyi, don in wuta ta ɗauke rigakafin ya ɗumama, zubarwa za a yi. Sai wanke tebur, dafa kayan aiki, buɗe kati. Yawancin yini ba tiyata ba ce: kaska, ƙazuwa, gyaran kofato, dandaƙa, wanke ciwo mai tsutsa, mabiyiyar da ta ƙi faɗowa. Ƙafata ta hagu har yau da tabon takun wani bijimi.

Abu biyu nake roƙo. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibitin mutane a ranar, a kuma sanar da mu. Kada a kashe karen a jefar a kwalbati, ana ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, in ya mutu a gwada ƙwaƙwalwarsa. Na biyu, dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe, kada a taɓa. Ciwon saifa ke yin haka, yana kama mutum, kuma an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a 2023.

Baƙo daga Maraɗi:
Gaisuwa ga jama'a. A wajenmu duk shekara akwai zagayen rigakafin bisashe kyauta, ana yi wa shanu na huhu, awaki da tumaki na PPR, wannan mai majina da zawo da ke share garke. Mata su ne kan gaba da jajayen awakinsu tun da sassafe. Amma leda da dusa, Malam, iri ɗaya ne da naku, ba su san iyaka ba.

Mai Raguna Uku:
Jama'a na dawo, Alhamdu lillahi. Tsakuwar ce. Aka zaunar da shi a kan gindinsa, mutum biyu suka riƙe, aka yi masa allura, likita ya fito da gaban ya datse ɗan silin nan da almakashi. Ga tsakuwa kamar ƙwayar gero. Fitsarin da ya biyo baya har rigata, ban taɓa murna da fitsari irin ta yau ba. An ba ni wani farin gari da za a riƙa sa masa a abinci, an ce in rage dusa sosai, in ƙara harawa, in sa ɗan gishiri don ya sha ruwa, kuma kada bokiti ya bushe. Sauran biyun ma haka.

Likitan bai ɓoye min ba, ya ce akwai sauran tsakuwa a mafitsara, tana iya sake toshewa a sama inda almakashi ba ya kaiwa. In na ga ya koma nishi in dawo a take. Ya rubuta min ranar da allurar za ta fita daga jikinsa, ta faɗo kafin Sallah da kwana tara. Na yanke shawara ba zan kai shi kasuwa ba, shi zan yi layya da shi in Allah ya kai mu, in sayar da Yankasan. Yanzu wa ya san inda ake samun harawar gyaɗa da sauƙi? Ta unguwarmu ta fi ƙarfina.

Uwar Awaki:
Barka da arziki, Malam. Ka bi motocin ƙauye ranar kasuwa tun kafin 'yan sari su tare su. Kuma ka gaida uwargida, ka saya mata tukwici.