Ƙafar Baba: naman layya ne ko gadon gida?

Kawu: Assalamu alaikum. Na biya Mabera da safe na gaida Yaya, babanku. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajir, ko zanen rufa bai yarda ya taɓa wurin ba. Yau kwana uku da layya. Ni dai na faɗa, nama ne. Hanta da ƙoda da kayan ciki tun ranar Sallah, ga balangu da dare. A hana shi nama, a ajiye wannan ƙwaya da yake sha kullum, ciwon zai tafi da kansa.

Babbar Yaya: Wa alaikumus salam, Kawu, Allah ya ƙara girma. Maganar rage nama na yarda da ku, amma don Allah kada a taɓa ƙwayar. Ciwon Baba gawut ne. Sinadarin yurik asid ne ya yi yawa a jininsa, kuma idan ya haura wajen 6.8 a ma'aunin asibiti sai ya fara daskarewa kamar ƙananan allurai a cikin gaɓa. Jiki da kansa ke samar da mafi yawansa, ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku, hanji ya fitar da sauran. Mafi yawan masu ciwon nan ƙodarsu ce ba ta fitar da shi sosai, kuma sau da yawa da wannan halin ake haihuwar mutum.

Kawu: 'Yata, to me ya sa bai tashi ba sai bayan Sallah? Mu duka akushi ɗaya muka ci.

Babbar Yaya: Ai kun ba da amsar da kanku, Kawu. Akushi ɗaya, ku kun kwana lafiya, shi ya kwana yana salati.

Gwaggo: Ku bar ni in sa baki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi irin wannan ciwo a ƙauye. Manomi ne, tuwon gero da miyar kuka, nama sai Sallah ko suna. Yatsan nan dai, ƙafar nan dai. Sanyi muke ce masa a lokacin, ana ta shafa man shanu. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa ciwon masu kuɗi ne, ko ana yi wa Yaya kallon mai kwaɗayi. Jiya da na je, kunya ta hana shi karɓar ko romo a gaban yara.

Auta: Gwaggo, bincike ma yana bayanku. A 2018 masana daga Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand sun duba mutum 16,760. Tsarin cin abinci bai bayyana ko kashi 1 cikin 100 na bambancin yurik asid tsakanin mutane ba, ƙwayoyin gado kuwa kusan kashi 24. An ma san wasu da suna: SLC2A9 da ABCG2, su ke sarrafa ƙofofin da sinadarin ke bi ya fita ta ƙoda da hanji.

Ɗan Kawu: Auta, tsaya. Mutanen nan 16,760 duka Turawan Amurka ne. Kuma nau'in ABCG2 da aka fi dangantawa da gawut ya fi yawa a gabashin Asiya, a Afirka ba shi da yawa. Ba zan ɗauki lissafin Bature in ɗora wa Basakkwace kai tsaye ba. Ga zafin garin nan a watan huɗu, mutum ya wuni a kasuwa bai sha ruwan kirki ba, ya ɗora lemun kwalba mai sanyi. Mahaifina bai yi kuskure gaba ɗaya ba.

Babbar Yaya: Ban ce ya yi ba, ƙanena. Kayan ciki da lemun zaƙi da ƙishirwa suna tayar da ciwon, shi ya sa ya zo bayan layya. Amma sai sun tarar da jini a cike tukuna. Na ga marasa lafiya da suka bar nama shekara guda, awon yurik asid ɗinsu bai sauka ƙasa da 6 ba sai da alofurinol, wato ƙwayar nan da Baba ke sha kullum. Abin da nake tsoro shi ne a ajiye ta a koma sayen maganin ciwon jiki a kemis kullum, ƙodar ta lalace. Kuma Baba yana shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, ita ma tana ɗaga yurik asid. Likita ne zai duba ko a canza ta.

Kawu: To. Ƙwayar dai na janye. Amma hanta ba za ta sake shiga ɗakinsa ba muddin ina raye. Ni ma gwiwata tana damuna kwana biyu, ko shi ne?

Babbar Yaya: Sai an auna, Kawu. Uba ɗaya kuke da Baba, ya kamata a duba ku. Ku shirya ranar Litinin da sassafe, in ɗauke ku tare mu je asibitin koyarwa.

Gwaggo: Ku biyo ta Runjin Sambo, da ni za a je.