Folo gado ne kawai, ko ɗan gidan da ba a turke doki ma zai iya kaiwa?

Malami daga Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar ƙwallon dawaki ciki da bai.

Akwai ɗan yayata, maraya ne, yana hannuna, shekarunsa 11. Tun bara ba ya da zance sai na doki. Da an tashi Islamiyya sai ya zarce bargar wani Alhaji da ke bayan unguwarmu, ya taya yaran barga kwashe kashi da jiƙa dusa, ladansa kawai a bar shi ya ja doki zuwa wurin shan ruwa. Ya samo gora ya ɗaura mata guntun katako, yana bin ƙwallon roba a kan keke. Yanzu kuma ya fara cewa shi ɗan folo zai zama, irin wanda ake ɗauka a biya.

Saboda shi na fara kallon wasannin Ajantina a waya, abin da na gani kuwa ya sanyaya mani gwiwa. Sunayen gidaje ƙalilan ne ke ta juyawa: Heguy, Pieres, Cambiaso, Castagnola, Novillo Astrada. A 2022 Adolfo Cambiaso ya ci babbar gasar folo ta Ajantina da ake yi a filin Palermo, shi da ɗansa Poroto mai shekara 17 a ƙungiya ɗaya, kuma cikin waɗanda suka doke a wasan ƙarshe akwai 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu, Barto da Camilo Castagnola. Nan gida ma ai haka ne. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko folo ya kafu a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai handikaf 7 (lambar ƙwarewar ɗan wasa, wadda ƙarshenta 10 ne), Sarki Kabir ya buga, Janar Hassan Usman ya buga, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Filin namu ma sunan Nagogo aka sa mashi.

Mu gidanmu daga malamai sai maɗinka, ko jaki ba mu taɓa turkewa ba. Shin maganar "ɗan na gada ya fi ɗan na koya" ta rufe ƙofa ke nan a wannan wasa? In ƙarfafa mashi gwiwa, ko in karkatar da hankalinsa tun da sauran lokaci? Ba na son in bar maraya ya ɗora ransa kan abin da ba zai samu ba. Wani abu kuma, yaron bahago ne.

Bakatsine mazaunin Kaduna:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri kan riƙon maraya.

Abin da ka gani gaskiya ne, har ma ya fi haka. Ɗauki gidan Heguy kaɗai. A 1958 Antonio Heguy ya ci gasar Palermo tare da ɗansa Horacio, abokan wasansu kuma Juan Carlos Harriott ne da nasa ɗan, wato uba biyu da 'ya'ya biyu. A shekarun 1970 Horacio da ɗan'uwansa Alberto Pedro suka haɗu da 'yan'uwan Harriott biyu a ƙungiyar Coronel Suárez, kowannensu handikaf 10, jimla 40, wanda babu sama da shi. Daga nan 'ya'yan Horacio huɗu, Marcos da Gonzalo da Horacio ƙarami da Bautista, suka kafa tasu suka ci gasar a 1991, 'ya'yan Alberto Pedro su ma suka fito da tasu suka ci. A 2003 'yan'uwa huɗu na gidan Novillo Astrada suka share manyan gasanni ukun ƙasar a shekara ɗaya.

Amma ni ban yarda jini ne ke bugawa ba. Abin da ake gada a waɗannan gidaje dawaki ne da abokan atisaye. Wasan ƙarshe a Palermo cuka 8 ne, wato zangon wasa, kowace cuka kusan minti 7, kuma gudun da ake yi bai barin doki ɗaya ya jure, sau da yawa ma a tsakiyar cuka ɗan wasa ke tsallakawa kan wani. To ka ga mutum ɗaya na buƙatar garke guda na dawaki masu daraja, ba kuwa a shiga kasuwa a same su rana ɗaya. Zuriyar goɗiya ake bi shekara da shekaru. Cambiaso har kimiyya ya sa aka kwafo mashi goɗiyarsa Cuartetera, a wasan ƙarshe na 2016 ya hau kwafinta guda 6. Yaron da aka haifa a irin wannan gida, tsohuwar goɗiyar da ta gama yayinta a manyan gasanni ake ɗora shi a kai tun yana ƙarami. Ita ta san inda ƙwallo za ta nufa kafin shi ya sani, ita ke koya mashi. Sannan ƙungiyar folo mutum 4 ce. Gidan da ke da samari huɗu da 'ya'yan baffanni huɗu, kullum la'asar suna da cikakken wasa a bayan gida ba tare da neman kowa ba.

Gidan Dikko ma hakan ne. Barga na nan, shamaki na nan, fili na nan, kuma uba na tsaye yana kallon zaman ɗansa a kan sirdi.

Tsohon ɗan barga, Ƙofar Sauri:

Ɗana ne ke rubuta mani wannan, ni ina faɗa.

Malam, ɗana, ka kwantar da hankalinka ka ji. Ni a barga na yi ƙuruciyata, a barga na yi furfura. Ɗan'uwanmu na Kaduna ya faɗi gaskiya kan masu gado, sai dai bai faɗi ta wace ƙofa ɗan talaka ke shiga ba. Ƙofar ita ce wadda yaronka ya riga ya samo da kansa.

Mai dawaki yakan zo fili da yamma ya hau ya buga ya tafi. Ɗan barga shi ke tashi da asuba ya shafa ƙafafun doki ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, daga gwiwa zuwa kofato, yana neman inda ya yi zafi ko ya kumbura. In ka ji ɗumi a jijiyar bayan ƙafa, ranar babu sukuwa, sai ruwan sanyi da hutu, ko da mai gida zai yi faɗa. Shi ke aske geza don kada ta sarƙe linzami, ya naɗe ƙafafu da bandeji ba sako-sako ba kuma ba a matse ba, ya kitse wutsiya ya ɗaure ta don kada sanda ta kama. Shi ke fita kilisa yana kan ɗaya yana jan biyu. Yaron da ya yi shekaru yana wannan, a rana yakan hau dawakin da ɗan mai gida bai hau a mako ba, masu taurin baki da masu tsoro da masu harbi, na gida da na Cadi da na Sudan, in an yi sa'a har na Ajantina. Zaman sirdin da yake samu a nan, kuɗi ba su sayensa.

Ga kuma abin da mutane ba su lura da shi ba. Kowane ɗan wasa na da handikaf, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa 10, kowane kofi kuma akwai iyakar jimlar da ƙungiya ba za ta wuce ba. Alhajin da ya ɗauko ƙwararre mai lamba babba ya cinye mashi kaso mai yawa, dole ya nemi yaro mai ƙaramar lamba wanda wasansa ya fi lambar tasa don ya cike gurbi. A nan ake waiwayar barga. Na ga yaran da aka fara ba su aron doki da aron takalmi don cike gurbi, daga baya aka riƙa zuwa nemansu daga Kano da Kaduna har Legas. Ba zan ce maka zai taka Palermo ba. Amma ya buga kofin Najeriya a filin Nagogo, ko kofin Georgian a Kaduna, ya ci abinci da hannunsa a wannan sana'a, wannan ba mafarki ba ne.

Na kuma ga waɗanda aka mora, da ƙashi ya karye aka manta da su. Don haka ka je da kanka ka ga Alhajin, ka san hannun wa ɗanka yake.

Batun bahago: doka ta hana riƙe sanda da hagu, domin in biyu suka tunkari ƙwallo gaba da gaba, kowa ta damansa yake bi, bahago kuwa zai sa a yi karo. Ka sa ya maida gorar nan hannun dama tun yau. Hagun nasa ba asara ba ne, ita ce ke riƙe linzami, kuma hannu mai laushi a bakin doki ya fi hannu mai ƙarfin bugu wuyar samu. Kada ma a yi gaggawar ba shi sanda a kan doki. Ƙafa ta fara zama a likkafa tukuna, ya iya tsayar da doki da juya shi ba tare da fizgar baki ba.

Uwar yara daga Daura:

Baba na Ƙofar Sauri, Allah ya ƙara girma, maganarka ta ratsa ni. Amma Malam, ni a matsayin uwa zan yi magana.

Mu nan Daura mun san doki, ƙanena a wajen atisayen hawan Sallah ya faɗi, har yau kafaɗarsa ba ta koma daidai ba. Balle folo da ake gogayya a guje ga sanduna na yawo. Ɗan gidan sarauta in ya faɗi akwai mai ɗaukarsa zuwa asibiti, in ya bar wasa akwai abin da zai koma. Janar Hassan da ka ambata ai sai da ya yi karatun soja a Sandhurst ta Ingila, ya riƙe Arewa yana gwamna a 1966. Folo bai hana shi makaranta ba. Maraya ba shi da wannan jingina sai karatunsa. Kada barga ta ci mashi boko da allo, kuma kada a ɗora shi a kan doki babu hular kwano, ko da kilisa ce.

Bakatsine mazaunin Kaduna:

Hajiya ta yi gaskiya. Carlos Gracida na Meziko, wanda ya kai handikaf 10 kuma ɗan gidan folo ne gaba da baya, a fili ya gamu da ajalinsa a Amurka a 2014. Hula dole ce.

Malami daga Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na karanta mashi maganarka, ya saurara shiru, da na kai wurin linzami sai ya riƙa duban hannunsa na hagu. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je in gaida Alhajin, in ji ko zai amince yaron ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi da lokacin hutu kawai, a hannun babban ɗan bargarsa, kuma mu yi magana a fili kan wanda zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru. Hajiya, sharaɗin makaranta na nan daram.

Wanda ya san inda zan samu hular hawa ta yara, ko ta hannu ce, a Katsina ko Kano, don Allah ya sanar da ni. Waɗanda ke bargar duk na manya ne, suna rufe mashi ido.